Fuskar Abbana a Bango

Saura kaɗan ban rubuta wannan labari ba. Na sha ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin abin da zan faɗa abu ne da aka buɗe alhali bai kamata a buɗe shi ba, sai nake ganin in na rubuta, ni ma na sa hannu a buɗewar. Karatuna kuma bai yi nisa ba, a aji uku na bar lekol. Daga baya na tsai da shawara a kan abu guda: zan faɗi duk abin da ya faru, amma ba zan siffanta fuskar Abbana ba. Wanda ya gan ta ya riga ya gan ta. Wanda bai gani ba, ba daga wurina zai ji ba.

Ranar da ni na gan ta, ƙwaryar fura ce a kaina. Rana ta take, ina tafe zuwa mangazar Alhaji Ila, babban ɗakin ajiyar hatsi da ke bakin tashar Tanut, inda Abba yake gadin ƙofa. Kamiyo, babbar motar kaya, na tsaye, ƴan dako na sauke buhunan gero, amma rabinsu sun bar aikin sun taru a jikin bango suna dariya suna nune-nune. Na sunkuyar da kai na bi gefe kamar yadda na saba. Ni ko gaisuwa aka yi mini da ƙarfi sai kunnuwana su ɗau zafi. Maƙwabciyarmu Rakiya mai suyar gyaɗa ta sha roƙon in riƙa yi mata talla a tasha, ina ƙi har da hawaye.

Hamidu ne ya hango ni, wani ɗan dako mutumin Gangara wanda bakinsa ba ya hutawa.

“Ƴar gidan Rissa, zo ki ga abin da ba ki taɓa gani ba. Kyauta ne, ba a biyan ko dala.”

Rissa sunan Abba ne. Suka dare mini hanya. Wani sabon allo ne aka kafa a bango, dab da ƙofa, ƙarƙashin rumfar kwano, an rufe shi da gilashi. A ciki an jera hotunan ma'aikatan mangazar, kowane da rubutu a ƙasansa. Ga direbobi a sama, ga Hamidu ya washe baki. A layin ƙasa, can ƙarshe, akwai wani mutum da ban sani ba, kansa ba rawani. Na ɗaga kai na karanta rubutun harafi bayan harafi, sai na ga sunan Abba, da sunan ubansa, da sunan uwarsa, da sunan rijiyar da aka haife shi kusa da ita, har da yawan ƴaƴansa. Na sake duban hoton. Idanun na sani. Su kaɗai na sani.

Ban san lokacin da furar ta fara zuba a wuyana ba.

Abba na zaune a bencinsa kusa da allon, sandarsa a kan cinya. Ya ja amawali har ya kusa rufe idanu. Bai kalle ni ba, ni ma ban iya kallonsa ba. Na ajiye ƙwaryar a gabansa, na juya.

*

Mu mutanen arewa ne, daga wajen Tanhiya. A cikinmu, namiji in ya girma aka naɗa masa rawani, to fuskarsa ta shiga ɗaki ke nan. Ba ya buɗe ta a kasuwa, ba ya buɗe ta gaban manya, balle gaban surukai. Ko shayi zai sha, ta ƙarƙashin amawali yake shigar da kofin. Na girma ina gane halin da Abba yake ciki daga inda ya tsai da bakin rawanin: in ya sauko kan karan hanci, yana cikin nishaɗi, in ya hau, sai mu yi shiru. Ban taɓa jin an ɓoye mini wani abu ba. Haka fuskar uba take a wurinmu.

Farin shekarar tamanin da huɗu ne ya kawo mu Tanut. Shanu suka fara faɗuwa, tumaki suka bi, raƙumin ƙarshe kuma Abba ya ba da shi a kan gero. Muka kafa bukkar tabarma a bayan gari tare da wasu irinmu. Abba ya daɗe yana yawo kafin Alhaji Ila ya ɗauke shi gadi. Da ɗan albashin nan, da geron da ake sharo mana daga buhunan da suka fashe, Anna mahaifiyata take ciyar da ni da ƙannena.

Sai aka fara maganar doka. Aka ce duk mai mangaza ko kamiyo dole ya rubuta ma'aikatansa, kowa a yi masa takardar aiki da kati, don in ya ji rauni ko ya tsufa kada a jefar da shi kamar tsumma. Mai bincike zai riƙa zuwa daga Damagaram yana dubawa. Ƴan kasuwa da yawa da suka ji haka sai suka sallami mutanensu, suka koma ɗaukar ƴan aikin yini. Alhaji Ila bai yi haka ba, ya ce shi zai bi doka, a shaida. Anna ta yi murna ranar da ta ji za a riƙa ba da kuɗin yara, kuma in ɗayanmu ya kwanta akwai takardar likita.

Ba wanda ya gaya mana cewa kati sai da hoto, hoton kuma sai kai a buɗe.

Abba ya ƙi. Ya ce a ɗauke shi yadda yake, ai idanun nasa ne. Idi komi, wanda yake riƙe da takardun mangazar, ya ce ba a karɓa, har kunnuwa sai sun fito. Aka yi ta ja har mai hoto ya gama da kowa ya fara naɗe farin ƙyallensa. A ƙarshe Idi ya shigar da Abba biro, wato ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya kori masu leƙe ta taga. Abin da ya faɗa masa a ciki, Abba ya maimaita wa Anna a gabana da yamma.

“Ya ce daga hannun mai hoto sai dosiye, jakar takarduna, daga dosiye sai almuwar, kabad ɗin da ke biro, makulli kuma a aljihunsa. Ya rantse.”

“Ka yarda?” in ji Anna.

“Yaran nan na duba.”

Ranar bai ci tuwo ba. Amma da aka kwana biyu sai ya warware, amawalin ya sauko kan hanci. A ganinsa abin ya wuce, yana cikin duhun almuwar inda ba ido.

*

Daga baya muka ji yadda aka yi. Alhaji ya je Damagaram ya ga wani babban kamfani da irin wannan allo a ƙofa, ya kuma ji an ci wani ɗan kasuwa tara saboda ɓoye ma'aikata. Da ya dawo ya tambayi Idi ko akwai ragowar hotuna. Akwai. Ya ce a kafa su, a kwafe abin da ke dosiye a rubuta a ƙasa, kowa ya ga shi ba ya ɓoye kowa.

Sauran ma'aikatan murna suka yi. Hamidu har ƴan garinsu yake jawowa su gan shi a gilashi. Ba mugunta ce ta sa suke tsokanar Abba ba, su dai ba su ga abin ɓoyo a fuska ba.

“Malam Rissa, ashe rowa kake mana? Irin wannan fuska ka naɗe ta kamar goro a ganye?”

Masu jiran mota suka samu abin kallo. Mutanenmu kuwa, waɗanda suka fi kowa sanin abin da ake ciki, in sun shigo gari sai su kau da kai su wuce ba su tsaya gaisawa ba, don kada su ƙara masa. Da haka Abba ya rasa abokan shan shayi.

Ina nan ranar da ya tare Alhaji, na kawo fura. Alhaji na fitowa daga mota, Abba ya miƙe ya gaishe shi, sannan ya ce, da Hausarsa mai tafiya a hankali:

“Alhaji, Allah ya ƙara girma. Abin nan na bango. Ina roƙo a mayar da nawa ciki.”

Alhaji ya dube shi da mamaki na gaskiya. “Rissa, me aka yi maka? Zagi aka rubuta?”

“Ba zagi.”

“To? Je ka mangazar gaba ka tambaya, gwamnati ta san sunan ko mutum ɗaya a can? Ni na sa ku a doka, na biya mai hoto, na biya kafinta. Naka ma ya fi na kowa fita.”

“An yi mini alkawari zai zauna a almuwar.”

“Na almuwar yana almuwar, wannan ragowa ce. In na cire naka, mai bincike ya zo ya ga mutum a ƙofa ba shi a allo, wa zai ce ba ɓoye ka na yi ba?” Ya dafa kafaɗarsa. “Ka saba, Rissa. Nan gari ne, ba daji ba.”

Idi ya biyo bayan Alhaji da takardu, ya ɗan tsaya, ya rage murya. “Ka tuna abin da ka dangwala wa hannu. Duk abin da ke ƙofar nan a wuyan mai gadi yake, har allon. In gilashi ya fashe ko wani abu ya ɓace, babban laifi ne. Kora ce ba ko tamma, katin ma ya mutu. Don Allah kada ka sa ni a wahala.”

A gida Anna ta ce ya bar aikin. Ya tambaye ta ya koma ina. Waɗanda ke ɗaukar mutum ba kati aikin yini suke bayarwa, yau akwai gobe babu, kuma majiya ƙarfi suke so. Waɗanda ke bin doka kuwa sai sun nemi wani hoton. Ko ya tafi ma, wa ya ce za a cire wannan? Anna ta ce to rana za ta cinye shi, ai hoto yana koɗewa. Na san rumfar kwanon nan, rana ba ta taɓa allon ko da yamma.

Haka Abba ya ci gaba da fita kowace safiya, ya zauna a benci yana gadin fuskarsa kada wani ya taɓa ta. Idi ma ya ba shi tsumma ya riƙa goge gilashin.

*

Abin da muke tsoro ya zo wata ranar kasuwa bayan girbi. Aka aiko cewa Kaka Aghali, mahaifin Anna, ya shigo gari da rago zai sayar ya sayi gero. Shi bai bar daji ba ko a lokacin fari. Tsakaninsa da Abba akwai kunya irin wadda ban ga kamarta ba. Abba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, in za su gaisa kuwa sai ya ja rawani har ɗan tsagin ido kawai ya rage, ya zauna nesa. Kaka kuma yakan ce a duk mazan da suka auri ƴaƴansa, wannan ne mutum.

Anna ta kama hannuna. “Ruga kasuwar dabbobi. Ki kawo shi gida ta bayan masallaci. Kada ku bi tasha.”

Na same shi ya riga ya sayar da ragon. Ya shafa kaina, ya tambayi lafiyar kowa. Na ce Anna na jira, ta dama fura.

“Furar ba za ta gudu ba. Ba na shiga gidan mutum ban fara gaishe shi ba. Ina yake aikin?”

“Kaka, da nisa.”

“Daga Tanhiya nake, jikata. Nuna mini.”

In na gaya masa dalili, ai na riga na buɗe abin da ake rufewa. Na shige gaba, ina addu'a Allah ya sa kamiyo ya tsaya a gaban allon.

Ba kamiyo. Abba ya hango mu daga nesa, ya miƙe, hannunsa ya tafi ga rawani. Na ga ya motsa yana so ya shiga tsakanin Kaka da bango, amma in zai yi haka sai ya zo dab da surukinsa ya tsaya masa a gaba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗaga ƙafa, ya mayar.

Hamidu na zaune a kan buhu. Ya taso da fara'a, don shi mutum ne mai son baƙo.

“Sannu da zuwa, Baba. Surukin Malam Rissa ne? Ai ka yi dace, ɗanka ya zama babban mutum. Ga shi nan a gilashi, na ƙarshe.”

Kaka ya bi yatsan da ido kafin ya fahimci abin da ake nuna masa. Ƙiftawa ɗaya ce. Sai ya ɗaga hannu ya ja nasa rawanin ya rufe idanunsa gaba ɗaya, ya tsaya a tsakiyar tasha kamar makaho.

“Bintu,” ya ce da harshenmu, “kama hannuna ki fitar da ni.”

Na kama. Da na waiwaya, Abba ya juya ya fuskanci ƙyauren mangaza, goshinsa a jikin ƙarfe. Hamidu na tsaye yana duban wannan yana duban wancan. “Me na ce? Wallahi alheri nake nufi.”

Kaka ya sha furar a tsaye a bakin bukka, ya ɗaure geronsa a kan jaki. Da zai tafi ya ce wa Anna:

“Ki gaya masa idona ya mutu tun bara. Ban ga komai ba.”

“To ka kwana mana.”

“In na kwana, dole ya zo ya gaishe ni. Kada a ɗora masa wannan.” Ya kama igiyar jakin. “Ba zan riƙa shigowa ba. In kuna da saƙo ku ba masu zuwa rijiya.”

Idon Kaka kuwa yana hango raƙumi a inda mu ba ma ganin komai sai sarari.

*

Tun daga ranar Abba ya daina magana sai ta dole. Furar da nake kai masa takan dawo da rabi. Ni kuma na fara kasa kunne ga hirar tasha, ina jiran in ji ranar da mai bincike zai zo.

Ya zo wata rana da hantsi, cikin farar mota, ya daɗe a biro da Alhaji da Idi. Na tsaya a inuwar motarsa, ina ta maimaita gaisuwar Faransanci da aka koya mana a lekol. Da ya fito na faɗe ta, sai Faransancin ya ƙare. Mutum ne mai furfura, da alamar gajiya. Ya amsa da Hausa.

“Ƴata, me ake ciki? Ɗaga murya, ba na ji.”

Na nuna allon da haɓa. Na ce na ƙarshen nan Abbana ne, mazanmu kuma ba sa buɗe fuska. Na ce an yi masa alkawari. Ƙasa nake kallo har na gama.

Ya dubi allon, ya dubi Abba a benci, ya yi ajiyar zuciya. “Abin da ke dosiyen ma'aikaci ba na bango ba ne. A kulle ya kamata ya zauna. Na ga allon nan tun zuwan farko, amma ban ji wanda ya koka ba.”

“To a cire, ranka ya daɗe.”

“Ba haka ake yi ba. Sai shi da kansa ya zo Damagaram ya shigar da ƙara. Ya zo da katinsa, a duba a tabbatar shi ne.”

“A duba me?”

Ya sake duban rawanin Abba. Ya gane, ni ma na gane: sai Abba ya sake buɗe fuska kafin a yarda shi ne.

“In Alhaji ya kore shi fa?” na ce.

“Ba a korar mutum don ya yi ƙara, doka ta hana.” Ya buɗe ƙofar mota, ya tsaya riƙe da ita. “Amma ni a Damagaram nake kwana, ku kuwa a nan. Bari dai in yi masa magana ta baki.”

Ya koma ya ja Alhaji gefe. Na ga Alhaji na gyaɗa kai yana murmushi, yana cewa to, to, in Allah ya yarda. Suka yi musabaha, motar ta tashi. Na koma gida da gudu na ce wa Anna an gama, za a cire.

Da la'asar na kasa zama, na koma in gani da idona. Na tarar da kafinta a jikin allon yana ɗaura kwaɗo, sabo fil, mai ruwan zinariya. Alhaji na tsaye, ma'aikata sun kewaye shi, fuskarsa ba murmushin ɗazu.

“An ce kayan ma'aikata su zauna a kulle. To ga shi na kulle, kowa shaida ne.” Ya zare makullin, ya bi taron da kallo, idonsa ya wuce ta kaina ya dawo. “Ban san wanda ya kai ni gaba ba, ba na kuma son in sani. Ni da na yi muku gata. Rissa.”

Abba ya taso.

“Kai ne mai gadi, riƙe. Ko hoto ɗaya ya motsa daga wurinsa, ka san wanda zan tambaya.”

Abba ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya kwance igiyar fatar da ke wuyansa, wadda makullan ƙofa suke, ya zura shi a ciki, ya mayar ƙarƙashin riga.

*

Da magariba ya dawo, ya yi salla, ya zauna yana hura gawayin shayi. Duk lokacin da ya sunkuya ina jin ƙarar makullan a ƙirjinsa.

“Bintu.”

“Na'am, Abba.”

“An ce kin yi magana da baƙo.”

“Na yi.”

Ya ɗaga buta sama ya zuba, ya mayar, ya sake zubawa. “Ke da ba a jin muryarki ko a cikin bukka.” Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya miƙo mini kofin farko, wanda ba ya ba kowa sai baƙo. “Kada ki sake.”

Anna ta ce, ba ta kalle shi ba, “Makullin yana hannunka.”

“Yana hannuna.”

“Buɗewa ɗaya ce.”

“Buɗewa ɗaya ce,” ya ce. Ya dubi ƙannena da suka lafe a jikinta, ya dubi buhun geron da ke jingine, wanda wuyansa ya riga ya lanƙwashe. Ya shigar da kofinsa ta ƙarƙashin amawali kamar kullum, kamar har yanzu akwai wanda bai gani ba.

Na riƙe nawa kofin har ya huce. Ina tunanin allon, da inda hoton ƙarshe yake, da inda kaina ya kai ranar da na tsaya a gabansa. Ina kuma tunanin idanun mutanen tasha, waɗanda tun da muka zo garin nan nake bin bayan gidaje don in kauce musu.

Washegari da safe na shiga wurin Rakiya na ce na yarda, ta ba ni gyaɗar. Ta dube ni sosai, ta ɗora mini farantin. Na isa tasha kafin motar farko ta cika. Ban bi gefe ba. Na ratsa ta gaban ƴan dako, na je jikin allon, can ƙarshe, na juya masa baya, na sauke farantin na riƙe a gabana.

Nan take idanu suka taso mini, na direbobi, na masu jiran mota, na mata masu abinci. Kunnuwana suka ɗau zafi. Wani baƙo da jaka a kafaɗa ya ce, “Ke mai gyaɗa, matsa mana mu gani.”

Hamidu ne ya amsa masa daga kan buhu, ba wasa a muryarsa. “Nan ne wurinta. In gyaɗa kake so, saya.”

Sai dai ni gajera ce. Na gane daga inda mutumin yake kallo cewa kaina bai kai ba, hoton yana nan saman ɗankwalina. Na yi ɗage har ƙafafuna suka fara ciwo.

Abba na zaune a bencinsa, bai dube ni ba tun da na zo. Can sai ya sauke buta da murhun shayi daga kan faffaɗan dutsen da yake ɗora su, ya sa ƙafa ya turo dutsen a hankali har ya taɓa dunduniyata. Na hau. Gilashin ya yi sanyi a ƙeyata.

Na buɗe baki in yi kiran talla yadda ake yi, muryar ba ta fito ba. Na gyara riƙon farantin, na tsaya.